Layin Anti Sannu-Sannu

A babban kantin da ke bakin titi akwai teburan biyan kuɗi biyar, amma na ƙarshe, wanda ke jikin firjin lemo, shi ne kullum layinsa ya fi tsawo. Nan Anti Sannu-Sannu take zama. 'Yan matan da take aiki da su ne suka laƙaba mata sunan, ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Ba da ƙuruciya ta shigo aikin ba. Shekara ashirin ta yi tana ɗinki a ɗakinta, sai da ciwon baya ya raba ta da keken, autarta kuma ta shiga jami'a, sannan ta nemi gurbi a kantin. Ɗinkin ya bar mata hali guda: ba ta sakin abu sai ta juya shi ta duba. Duk kayan da ta haska a na'ura sai ta ɗaga tabarau ta karanta farashin da ƙarfi, mai kaya yana ji.

Akwai dalili. Kantin yana yawan canza farashi, sai ka ga takardar kan kanta ta ce kaza, na'ura ta ce wani abu dabam. Sauran masu karɓar kuɗi ba su da lokacin dubawa, kafin ka buɗe jaka an turo maka kayanka gefe, an kira na baya. Sai mutum ya isa gida ya ga rasit, ransa ya ɓaci. Shi ya sa tsofaffin masu sayayya suka gwammace su tsaya a layin Anti, suna hira.

Da aka kawo sabon manaja, wani matashi mai saurin tafiya, sai ya kira ta ofis ya nuna mata takarda, wai ita ce ta ƙarshe wajen sauri. Ta saurare shi tsaf, ta yi godiya, ta fito. Da ta ba maigidanta labari, tsohon direba ne, dariya ya yi har da tari. Ya ce a gaya wa yaron ya yi haƙuri, shi shekara talatin ke nan yana jiran ta gama ɗaura ɗankwali.

Wata Asabar ta ƙarshen wata kantin ya cika maƙil. Wata mata mai goyon tagwaye, ɗaya a baya ɗaya a hannu, ta dawo daga waje da rasit. An rubuta ragi a kan garin sabulu, amma an caje ta cikakken kuɗi a tebur na biyu, kuma da ta yi magana aka ce ta matsa. Manaja ya zo yana cewa na'ura ba ta kuskure.

Anti ta roƙi mutanen layinta minti biyu, ta tashi ta je ta ciro takardar ragin daga kantar garin sabulu, ta miƙa masa. Ya duba, ya ga ragin a rubuce.

"Ranka ya daɗe, tunda ka taso, zo mu ƙarasa," in ji ta.

Ta ja shi lungu-lungu. Sukari na'ura ta ɗora masa kuɗi, madarar yara ma haka. Da suka isa wajen man girki sai ta ɗaga babbar jarka ta ce mako uku ke nan ana sayar da ita a kuɗin ƙarama. Sau biyu ta faɗa wa mai kula da kaya, ya ce sai an samu sarari. Manaja ya dafa kantar man, ya dubi jarkokin da suka kusa ƙarewa, sai dariya ta kufce masa. Ya ce shi da yake murna man yana tafiya.

Ya koma ya ba mai tagwaye haƙuri da kansa, ya mayar mata da kuɗinta, har ya rako ta da kaya bakin titi.

Tun daga ranar Anti take zuwa awa ɗaya kafin a buɗe, ta zaga da na'urar hannu tana gwada kowace takarda, aka kuma ƙara mata albashi. Ya so ya ba ta kujera a ofis, ta ce a'a, a can wa za ta tambaya lafiyar jikoki. Sai ya turo mata sabbin ma'aikata biyu su zauna gefenta su koya. Ɗayar ma tana gaya mata asiranta tun kafin ta gaya wa mahaifiyarta, kuma da aka sa ranar bikinta, Anti ce ta karkaɗe tsohon keken ta ɗinka mata kayan fita da hannunta.