Geron da Sabi'u ke awo da shi

Da kakar nan shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanena Sabi'u a maƙabartar ƙauyenmu, arewa da Bici. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Duk shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in tuna da nawa rabon a labarin, in ajiye biro. Bana dai zan faɗa.

Sabi'u kafinta ne, amma ba na ƙofa da benci ba. Akwati yake ƙera wa wufa, wato babbar sifikar nan mai gurnani da ake sawa a but ɗin mota. Wanda bai sani ba zai ce ai katako shida ne da ƙusa. Shi kuwa ya ce sifika kamar maƙogwaro ce, akwatin shi ne ƙirjinta: in ya yi kaɗan ta shaƙe, in ya yi yawa ta yi ta haki. Masu kawo masa aiki direbobin haya ne da ke ɗauko tumatir da albasa daga Watari, ba wanda zai yarda kiɗa ya cinye masa wurin buhu. Don haka sai ya auna lungun da ke bayan kujera da gefen taya, ya fitar da akwati mai ƙusumbi da lanƙwasa, wanda ba ya cikin kowane littafin lissafi.

To yaya za a san yawan iskar da ke cikin irin wannan? Da gero yake aunawa. Yana da rabin buhu a shago, tiya ashirin, busasshe ƙayau. In ya haɗa akwati, kafin ya rufe da gam, sai ya yi ta zubawa yana ƙirgawa. Wufa mai faɗin taƙi da rabi tiya goma sha uku take so. In an samu ragi ya sassauta bango, in an samu ƙari ya cike da guntun katako. Ni da na shekara talatin ina koyar da lissafi a firamare, dariya nake masa. Nakan ce shi kaɗai ne injiniyan da kaji ke yi wa ɓarnar kayan aiki. Ya ce, “Yaya Malam, kai kana da allo, ni ina da kunne.”

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana ciki, wadda ta biyo ta kuma tsada ta hau kan komai. Kafin tsakiyar damina rumbuna ya ƙare, ga baki tara a gidana. Matarsa Talatu ta sha roƙonsa a daka geron shagon, ya hana, ya ce ai ba a cin zarto. Ni ban roƙa ba. Mai boko ba ya roƙo. Zuwa na yi na zauna a bencinsa, na yi doguwar magana kan zumunci da haƙƙin babban wa, idona a kan buhun. Ya bar ni na gama, ya tashi ya ɗora shi a bayan kekena, har da tiyar awon a ciki, ya ɗaure da roba.

“Ka dawo mini da tiyar kawai,” ya ce.

Sati uku muka yi muna ci. Tuwon har ɗan warin gam yake, ba wanda ya bar loma.

Shi kuma ya shiga neman madadi. Ya gwada yashi, nauyi ya buɗe bakin katako, danshin damina ya kumbura shi. Ya gwada ƙaiƙayi, ya tarar yana lotsewa, awon safe daban, na yamma daban. Daga ƙarshe ya yi aiki da ido. Akwati uku ya fitar a haka, ukun duka suka riƙa karkarwa kamar kwano a kan injin niƙa. A tasha kuwa labari ba ya jiran mota ta cika. Direbobin da ya yi wa aiki shekara goma suka ce hannun Sabi'u ya mutu, suka karkata Kano. Da kaka na mayar masa da gero har tiya talatin, ya karɓa ya gode, ya ba Talatu ta daka. Ba sauran abin aunawa. Ya koma ƙwadagon rani a fadamar Watari, yana tsayuwa cikin ruwa da ƙirjin da ya riga ya sha ƙurar katako. Rani biyu ya yi, ƙirjin ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Abin da ke cina shi ne, da alli ɗaya da yini ɗaya zan iya nuna masa yadda ake raba akwatin nan gida-gida a lissafa kowane. Na sani tun a lokacin. Shekara goma ina zolayarsa, ban taɓa yi ba, don zolayar ta fi daɗi.

Yau matasa da waya suke wannan awon, su danna, ta ba su lamba. Sun iya saye, ba su iya saurare ba: mota ta wuce, but yana kaɗawa kamar zai faɗi, su ce kiɗa ne. Da Sabi'u na nan da ya karkata kai ya ce tiya biyu ta rage. Direbobin da suka guje shi kuwa yanzu su ne masu cewa ba a sake yin kamarsa ba. Yabon bai ci musu ko sisi ba, kuma ya zo a makare da shekara tara.

Akwai tsohuwar mota guda da ke zirga-zirga tsakanin Bici da Watari, akwatinsa na nan a bayanta, na kafin shekarar yunwa. Nakan bar motoci biyu su tashi don in shige ta. Ba na son kiɗan da direban ke sawa, amma ina zama a kujerar baya in jingina, in ji dukan yana shigowa ta haƙarƙarina, tsaf, ba karkarwa. Tiya goma sha uku cif.

Ita kuwa tiyar tana rataye a ɗakina. Abu ɗaya ya ce in dawo masa da shi, shi ma na manta.