Sunan Hashimu a Ƙasan Taswira

Yayana Hashimu mutum ne mai zafin kai, ni ƙanwarsa na faɗa. Kakanninmu da ƙafa suka zo Makka ta Sudan, shi kuma ya gaji ƙafar. Shekara talatin yana da ɗan shagon kwafin takardu a unguwar Aziziyya, duk Hajji sai ya raka alhazan da suka ɓata. Da ya gaji da rakiya, ya zauna ya zana taswira da Hausa: ga gada, ga famfo, nan za ka yi dama zuwa Mina. Ba shi da abin alfahari kamarta.

Bara waccan sai ga wani alhaji da taswirar a hannu, an buga ta tsaf a Maraɗi, babu sunan Hashimu. Sunan wani Alhaji Hadi mai maɗaba'a ne a ƙasa. Kai, ranar mun ga tashin hankali! Ko shayi bai sha ba.

"Ɓarawo!" in ji shi. "Wallahi sai na kai ƙara!"

'Yarsa Manal, wadda ke aiki a kamfanin shigo da kaya, ta ɗauko littafin addu'o'in da shagon ya fi sayarwa. "Baba, wa ya wallafa wannan?"

Alhaji Hadi ne. Shekara takwas Hashimu yana kwafar littafin, ko bangon ba ya sakawa. Na yi dariya har da hawaye, na ce, "Yaya, ashe gwano ba ya jin warin jikinsa."

Manal ta ce, "Ko ƙasashe in sun zauna yarjejeniyar ciniki haka suke yi: ka kare haƙƙin marubutana, in kare na naka, sannan a buɗe kasuwa. Kana da abin bayarwa, Baba."

Kwana uku yana cika yana batsewa, sannan ya buga waya. Na ji shi yana cewa, "Alhaji, na ci haƙƙinka, ka ci nawa. Na daina kwafa, daga wurinka zan riƙa saro littafin. Kai kuma ka mayar min da sunana."

Bana wata tsohuwa ta shigo shagon, taswira a ninke a hannunta duk ta jiƙe da gumi. Jikarta ce ta karanta mata sunan Hashimu a ƙasan taswirar, suka yi ta tambaya har suka iso.

"Kai ne Hashimu? Takardarka ce ta fito da ni daga Mina, ɗana. Tun can nake maka addu'a da sunanka."

Yayana ya juya baya wai yana gyara inji. Ƙarya yake, kuka yake yi.