Gwajin Albasa a Ofishinmu na Jega

Har yau ban manta da ranar da aka kori Malam Garba daga layin makafi ba. Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba, ina ƙaramin ma'aikaci a sashen jin daɗin jama'a a Jega. An kawo fararen sanduna za a raba wa makafi, irin waɗanda direba ke gani ya rage gudu.

Ku yara, ku riƙe wannan: a aikinmu, ba sai mutum ya daina ganin haske ake kiransa makaho ba. Malam Garba manomin albasa ne daga Jandutsi, hawan jinin ido ya cinye ganinsa na gefe. Abin da ke daidai gabansa kawai yake gani, kamar mai leƙe ta hujin zana. Likitan ido ma ya tabbatar.

Shugaban sashenmu kuwa, ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Ya ce shi zai tantance da kansa. Ya ɗauko albasa ya ajiye a kan tebur daidai fuskar dattijon.

"Baba, mi ag ga wanga wuri?"

"Albasa ta, rankai shi daɗe."

"Kun jiya? Gani shikai! Hita, ba mu son 'yan damfara."

Na ce, "Yallaɓai, gefe ne ba ya gani." Ya ce ni likita ne? Aka yi ta dariya. Wato da Malam Garba ya yi ƙarya, da ya samu sandar.

Bayan 'yan makonni, ranar kasuwar Jega, Malam Garba zai tsallaka titi, wata motar albasa daga Aliero ta ɓullo ta gefensa. Bai gan ta ba, direban kuma bai ga alamar da za ta sa ya taka birki ba. Motar ta buge shi, a asibiti aka yanke masa ƙafar hagu.

Muka je dubiya, shugaban na ta zuba "Allah shi kiyaye gaba". Dattijon ya juya kai a hankali har ya samo fuskarsa, ya yaye zane.

"Rankai shi daɗe, ga ƙahwa babu. Ko ita ma sai kun gwada?"

Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini ganinsa ya ragu, tambayarsa nake me ya daina gani. Ban ƙara barin wani ya ajiye wa mutum albasa a teburina ba.