Kyanwar da ta koma cikin kamina

A Khartum sana'ata ɗura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya. Ɗan shago gare ni a kasuwa, da kwamfuta guda da fanka, tafin hannuna kuwa laushi kamar na amarya. Da yaƙi ya tashe mu, abin da muka tsira da shi kayan jikinmu ne da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. A cikinta akwai fim na zane da ni da kaina na saka wa 'yata, wadda nake kira Mamana don sunan mahaifiyata ta ci. Shekarunta tara a lokacin.

Fim ɗin na namun daji ne, da Larabci suke magana. Suna zaune lafiya a kurminsu sai mutane suka zo da zarto da manyan motoci, yau su ci nan, gobe su ƙara gaba, ba sa ƙoshi. A ƙarshe wata tsohuwar ɓauna ta tsaya a gaban mota ta ƙi gusawa har ƙanana suka haye rafi, ita kuwa ba ta haye ba. Wallahi na ji fim ɗin nan ya fi a ƙirga, har ya gundure ni. Amma tun da muka baro gida yarinyar ta ɗauke magana, ba ka jin bakinta sai a kansa. Duk sanda aka zo wajen masu zarto sai ta ɗago ta ce, "Baba, ga mugayen nan." Ni kuma in ce, "Allah ya isa tsakaninmu da su, Mamana." Don in ji muryarta kawai nake biye mata.

Gadarif muka fara sauka, daga can kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya kwashe mu zuwa ƙauyensu kusa da Ƙala'at an-Nahal. Can wani attajiri yake faɗaɗa gonar riɗinsa, wadda ko a da ido ba ya ganin ƙarshenta. Duk wanda ya sare masa itatuwan ƙaya da ake kira talha, icen nasa ne, ya je ya yi gawayi. Aikin da ya rage ke nan a garin, shi Kawu ya sa ni. Ranar farko da na ɗaga gatari na gane ko wane ne ni a cikin fim ɗin. Na ja mai ɗakina gefe na ce, "Don Allah kada yarinyar nan ta sani. Ki ce mata gona nake zuwa." Yarinyar kaɗai ta rage a duniya da take mini kallon mutum mai iya wani abu, ban so in rasa wannan ba.

Gawayi a nan da kamina ake yinsa. Za a jera ice ya yi tudu, a rufe da ciyawa, a bi da ƙasa, a bar 'yan kafofi a gindi don iska, sannan a sa wuta ta sama a toshe. Tana ci a hankali kwana da kwanaki. Tamu ta gida uku ce, mu da Kawu da wani maƙwabcinsa, kuma ta yi kwana tara a jere ba a rufe ba, muna jiran a kawo ciyawa.

Ran da za a rufe, Kawu zai shiga kasuwa. Kafin ya hau amalanken jakinsa ya ce, "Ɗana, kafin ka ɗora ƙasa ka zagaye ta da sanda, ka daka kowane gefe sosai. Ka kunna ɗanyar ciyawa hayaƙi ya ratsa, ka jira. Icen da ya kwana a daji ba ya rasa mai haya."

Na ce to. A raina kuwa na ce kai, mutanen ƙauye da camfi! Rana tana dukan ƙeyata, tafin hannuna duk ya fashe. Na buga sanda sau biyu ko uku don kada a ce ban yi ba, ban kunna hayaƙin komai ba, na rufe abata. Washegari da sassafe na sa wuta, har ina jin kaina.

Da hantsi sai ga Kawu da abinci, ga kuma Mamana zaune a bayan amalanke. Zazzaɓi ya kwantar da uwarta, shi kuwa bai san akwai abin da ake ɓoyewa ba, ya ɗauko ta ta sha iska. Ta sauko tana kallon kututture, fili guda har bakin kwari. Ta kalli gatarin, ta kalle ni. Ban samu na buɗe baki ba muka ji kuka siriri daga cikin kamina.

Kyanwar daji ce ta fito ta wata kafa ta gindi, toka-toka, da ɗa a bakinta. Ta ajiye shi ƙarƙashin wani reshe, ko kallonmu ba ta yi ba, ta juya ta sake kutsawa ta inda hayaƙi yake fita. Muka tsaya muna kallon kafar. Kukan ciki bai daina ba, ita kuma ba ta fito ba.

"Baba, buɗe! Baba, buɗe mata!"

Tun Khartum ban ji ta ɗaga murya haka ba. Na ɗauki fartanya na yi kan kamina, Kawu ya riƙe mini hannu. Tsoho ne, amma riƙon nan ban iya ƙwacewa ba.

"Ɗana, in ka fasa ta iska ta shiga, gaba ɗaya za ta kama da wuta. Ba za ka fitar da ko ɗaya ba, sai dai ka gaggauta musu, ka kuma mayar da abincin gida uku toka. Ka daka ta jiya kamar yadda na ce?"

Ya dubi fuskata, bai sake tambaya ba. Ya ce innalillahi, ya sake ni. Yanzu ba mai riƙe da ni, ga fartanya a hannuna, ga 'yata tana jan rigata tana ihu, kuma ban ɗaga ba. Na san gaskiya ya faɗa. Na tsaya kamar an dasa ni har kukan ya ragu, ya ɗauke. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba.

Mamana ta naɗe ɗan kyanwar da aka fitar a gyalenta, muka koma gida. Idonsa ma bai buɗe ba. Ta yi ta ɗiga masa nonon akuya da tsinke, ya ƙi karɓa, kwana biyu ya mutu. Na ce in haƙa mata rami, ta karɓi fartanyar ta haƙa da kanta.

Da aka fasa kamina gawayin ya fito da kyau, baƙi wuluk, yana ƙara in ka buga. Aka loda mafi yawa a lori zuwa Gadarif, aka raba sauran, na kawo buhu gida. Mai ɗakina ta samu sauƙi, ta hura kanun, murhunmu na gawayi, ta yi kisra, wato wainar dawa, da miyar kuɓewa. Mamana ta dubi kanun ɗin ta ce, "Umma, da wane gawayi kika dafa?" Uwar ba ta iya ƙarya ba. Yarinyar ta ture kwanon.

Ba mu da gas, ba mu da wani makamashi. Na fita na tsinto kara da busasshen kashin shanu, ta ce ai kanun ɗin ɗaya ne. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mata kyanwa ce fa, kyanwa, mu da muka ga mutane a kwance a titi! Da na faɗa na ji kunya, don ita ma ta gan su, tana riƙe da hannuna. Ruwa kawai take sha da ɗanyar gyaɗa da matar Kawu take kawo mata. Ina kallo wuyanta yana ƙara tsawo, ba abin da zan iya.

A rana ta uku da azahar ta jawo kwanon da kanta. Ta juya mana baya, ta fuskanci zana, tana ci hawaye yana zuba a miyar, ta cinye tas har ta suɗe hannu. Uwarta ta ce alhamdu lillahi. Ni na kasa cewa, don na san ba yafe mini ta yi ba, yunwa ce ta fi ƙarfinta, kamar yadda ta fi ƙarfina. Ta wanke hannu, ta zo ta tsaya a gabana ba ta kalli fuskata ba.

"Baba, gobe ma za ka je?"

Na ce, "Zan je, Mamana."