Dutsen Daɓe a Tsakiyar Soro

A Kafar Lauz ba ma tambayar mutum shekarunsa, sai dai mu ce hunturu nawa ya ci. Shallita, wanda kowa ke kira Abu Sarkis da sunan ɗansa na fari, ya ci saba'in da tara, kuma da ana sayar da hunturu a kasuwa da ya ƙaro. Manomi ne irin na kan dutse. Gonakinsa matakala-matakala suke a jikin tsauni, 'yar tuffa nan, ɗan inabi can, alkama a inda ƙasa ta yarda. Wata takwas a shekara bayansa a sunkuye yake. Amma ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba, hanyar Bairut ta toshe, sai ya miƙe tsaye, ya leƙa tulunan kishk, garin alkama da nono da muke busarwa don fate, da busasshen ɓaure da naman da aka adana cikin kitse, ya dubi tarin itace, ya sanar da matarsa Zumurrud cewa daga yau shi sarki ne. Ita kuma ta ce to ranka ya daɗe, a ɗaga ƙafa za ta yi shara.

Ranar bikin waliyiya Barbara, mako uku kafin Kirsimeti, shi da kansa yake shimfiɗa auduga a faranti ya zuba alkama ya yayyafa ruwa, aikin da a sauran gidaje mata ke yi. Kowace safiya sai ya auna tsiron da ɗan yatsa. In bai ƙaru ba, ya ce Zumurrud ce ta kalle shi da yawa. Yana waƙar coci a bakin murhu da muryar da ta taɓa sa akuya tsinke igiya. Mutum ne mai sauƙin kai a komai, ban da abu ɗaya, kuma abin nan ɗaya yana bisa kansa, a kan soro.

Gidan mahaifinsu ne ya gina shi: ɗaki biyu, bango a tsakiya, rufi ɗaya. Shallita ya gaji na gabas, ƙanensa Nakhle ya gaji na yamma. Rufin irin namu ne, gungume a ƙasa, ƙirare a kai, sannan ƙasa mai kauri. Irin wannan rufi ba ya son a manta da shi. In dusa ta zuba, a kwashe ta kafin ta yi nauyi. In an kwashe, a mirgina mahdala a kai, dutsen daɓen nan mai kama da turmi a kwance, har duk tsagar da sanyi ya buɗe ta rufe. Wanda ya yi kasala, ruwa zai iske shi a kan gado. Wanda ya yi kasala sau biyu, rufin ne da kansa zai sauko.

Akwai wata bishiyar jauz a bayan gidan, wadda mahaifiyarsu take rataya salkar nono a jikinta tana kaɗawa. Shekarar da tsohuwar ta rasu, gungumen ɗakin Nakhle ya ruɓe. Shallita ya sauka gaɓar teku da tuffa, ya kwana uku, ya dawo ya tarar da kututture, Nakhle ya sare bishiyar ya yi sabon gungume da ita. Nakhle ya ce rufi ne zai faɗo wa matarsa da 'ya'yansa, ba shi da lokacin jiran shawara. Shallita ya ce ko bishiyar maƙiyi ce ai a jira mutum ya dawo. Magana ta yi tsawo, maƙwabta suka taru, a gabansu Shallita ya ɗaga hannu ya rantse da kabarin uwarsa cewa ƙafarsa ba za ta ƙara taka rabin soron Nakhle ba, bakinsa kuma ba zai ƙara kiran sunansa ba. Abuna Sam'an, limamin cocinmu, ya yi ta gaya masa duk shekara cewa rantsuwar fushi ana kwance ta cikin minti ɗaya. Shallita ya kan sumbaci hannunsa ya ce ya ji, ya tafi da rantsuwarsa a ɗaure.

Sai dai mahdala guda ɗaya ce, kuma ba a raba dutse biyu. Haka suka sami tsari ba tare da sun yi magana ba. Shallita ya hau da sassafe, ya kwashe rabinsa, ya daɓe, ya ajiye dutsen daidai kan bangon tsakiya, ya sauko. Sai Nakhle ya hau ta nasa tsanin, ya yi nasa, ya mayar da dutsen inda ya same shi. Wanda ke ƙasa yana jin rugugin na sama. Shekara ashirin da biyu hirarsu ke nan. Shallita ya ƙware a kanta har ya kan ajiye cokali ya ce wa Zumurrud mutumin can bayansa na ciwo yau, ko mutumin can ya sha giya jiya, ji yadda dutsen ke tafiya a karkace. Kuma kowane hunturu sai ya ce mutumin can ya bar gefen indararo. Daidai kan bangon tsakiya, inda kowa ke tsoron wuce iyaka, ba a taɓa daɓewa da kyau ba. Nan ne ke yoyo, a ɗakunan biyu, kowa da kwanonsa a gindin bango ɗaya.

A cikin shekarun nan matar Nakhle ta rasu, ɗansa ya tafi Kano wajen kawunsa, 'yarsa ta yi aure a Tarabulus. Sarkis na Shallita ma ya bi jirgin ruwa. Gidan ya rage mutum uku. Zumurrud ta kan zuba abinci kashi uku, ta ɗauki ɗaya ta ce za ta kai wa kaji. Shallita bai taɓa tambayar yadda kaji ke dawo da kwano a wanke ba.

Hunturun da nake son ba da labari, Nakhle ya zame a bakin marmaro bayan Barbara da kwana goma, sanyi kuma ya kama ƙirjinsa. Ana saura kwana uku Kirsimeti dusa ta fara zuba, ba ta tsaya ba. Rana ta farko Shallita ya kwashe rabinsa, ya daɓe, ya ajiye dutse, ya sauko ya zauna yana jira. Bai ji komai ba. Ya ce mutumin can ya fara lalaci. Rana ta biyu ya tarar da dutsen inda ya bar shi, dusar gefen yamma ta kai gwiwa. Ya sauko, ko alkamarsa bai auna ba. Rana ta uku ta kai ƙugu. Maƙwabta kuwa kowa na kan nasa soron, tsofaffi ne duka, samarin garin suna Brazil da Afirka, lungunan kuma sun cika har ƙirji.

Safiyar Kirsimeti gari ya waye tas, sama shuɗiya, rana ta fito. Baƙo zai ce an sami sauƙi. Mu mun san ranar da ta fi haɗari ke nan, domin dusa in ta fara narkewa nauyinta take ninkawa, ruwan kuma ya bi tsaga ya jiƙa ƙasar rufi har ta zama taɓo. Shallita ya sa baƙar rigarsa ta coci. Zumurrud ta dawo daga wajen kajinta da kwano a cike. Ta ce Nakhle bai iya tashi ba, ruwa na ɗiga a wuri huɗu, kuma tun asuba gungumen ke ƙara. Ta ce ta roƙe shi ya bari ta kama shi su dawo wannan ɗakin, ya ce ba a gayyace shi ba. Shallita ya ce to a gaya wa Abuna bayan sujada ya tara mutane. Ta ce bayan sujada sai dai a tara su da sheburan tono.

Ta cire gyalen coci, ta ɗaura tsohon zane a ƙugu, ta ɗauki shebur ɗin katako a bayan ƙofa. Mace ce mai shekara sittin da biyu, gwiwarta ɗaya ba ta lanƙwasuwa.

"Ina za ki, Umm Sarkis?"

"Sama. Ni ban rantse da kabarin kowa ba. Kai je ka yi waƙa, Almasihu na jiran muryarka."

Ya karɓe shebur ɗin daga hannunta, ya hau da rigar cocin a jikinsa.

Ya daɗe tsaye a bakin iyaka, kusa da mahdala. Ƙasa da shi garin duk ya yi fari, hayaƙi na tashi daga kowane gida, mutane na bin siririyar hanyar da aka haƙa zuwa coci, ɗaya bayan ɗaya. Ƙararrawa ta fara bugawa. Tun da aka yaye shi bai taɓa rasa sujadar Kirsimeti ba. Ya dubi tulin dusar, sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mai taurin kai in ya matsu: shi soro ya rantse ba zai taka ba, wannan kuwa dusa ce, daga sama ta zo, ba ta Nakhle ba ce. Ya haye kanta, ya nutse har cinya, ya je can ƙarshen yamma ya fara kwasa yana ja da baya, yana jefawa lungu. Jiryis maƙwabcinsu, wanda ya makara a kan nasa soron, ya hango shi ya ɗaga murya yana tambaya ko Abu Sarkis ya ɓata hanya ne. Shallita ya ce masa ya kula da nasa rufin, wanda ko kaza ba ta yarda ta kwana ƙarƙashinsa ba.

Ya fi awa biyu yana kwasa. Gumi ya jiƙa rigar, hannunsa ya daina jin sanyi, ya daina jin komai. Da ya kwashe ta ƙarshe sai ya ga ya dawo kan iyaka, ƙafafunsa a rabinsa, rantsuwarsa ba ta ko ƙwarzane ba. Ya kusa yin murmushi. Sannan ya dubi abin da ya tone. Ƙasar rufin ta jiƙe, ta tsattsage kamar bayan tsohuwar tukunya, ruwa na kwance a tsagogin yana shiga. In ba a daɓe ba kafin sanyin yamma ya daskarar da shi, aikin banza ya yi. Mahdala kuma ba ta tafiya da kanta, kuma babu sauran dusar da zai ɓuya a kanta.

Daga coci ana jiyo waƙa sama-sama. Ya tuna hannun da ya ɗaga, da mutanen da suka gani, rabinsu yanzu suna maƙabarta. Ya tuna tsohuwar da ya rantse da kabarinta, wadda ko faɗan wasa suka yi sai ta haɗa kawunansu ta gwara. Ya yi alamar gicciye, ya kama sandar mahdala, ya tura. Ƙafar hagu ce ta fara takawa. Ƙasa ce kawai, mai sanyi, irin ta rabinsa.

Ya daɓe tsaye, ya daɓe kwance, ya yayyafa ƙaiƙayi ya sake bi. Daga ƙarshe ya tsaya kan bangon tsakiya ya yi ta kai da komo a wurin, har sai da layin shekara ashirin da biyu ya ɓace. Ya bar dutsen a inda ya ga dama, ya sauka ta tsanin Nakhle.

Ɗakin ya fi yadda yake tunawa ƙanƙanta. Kwanuka huɗu a ƙasa, ɗigon ya fara ja baya. Zumurrud ta riga ta hura wuta, ta kawo farantin alkamarsa ta ajiye a taga, kore shar, ba ta nemi izini ba. Ya ɗaga kai. Gungumen jauz na nan, ya yi baƙi da hayaƙi, bai tsage ba. A jikinsa ga ƙugiyar ƙarfen da tsohuwa ke rataya salka. Nakhle bai taɓa cire ta ba. Fitila ya rataya a wurin.

Nakhle na kwance cikin bargo, ya rame, gemunsa ya yi fari fat, abin da Shallita bai sani ba domin ya daɗe yana kallon gefe in sun haɗu. Ya buɗe ido ya dubi yayansa, ya dubi rigar cocin da ta zama taɓo.

"Ka bar gefen indararo," in ji shi.

"Ban bari ba. Kai ne kake barinsa, shekara ashirin da biyu ina ji."

"To rufe ƙofa, Yaya, kana shigo mini da sanyi."

Shallita ya rufe. Ya tsaya bai san inda zai sa hannuwansa ba. Can ya ce, da muryar da ba ta yi kama da ta waƙarsa ba, "An haifi Almasihu, Nakhle."

"Halleluya," in ji Nakhle, ya matsa masa wuri a bakin gado.

A nan suka ci Kirsimeti su uku, da kishk mai zafi da magli, kunun shinkafa mai zaƙi da Zumurrud ta dafa tun jiya. Da Abuna Sam'an ya zo da rana neman dalilin da ya sa sujada ta yi daɗin ji a bana, babu muryar Shallita, ya leƙa, ya ga yadda ake, ya zauna aka zuba masa. Bai yi maganar rantsuwa ba, ba wanda ya yi.

Nakhle bai ga narkewar dusar shekarar ba. Ya rasu a watan Fabrairu, a ɗakinsa, ƙarƙashin busasshen rufi. Shallita ya ƙara hunturu goma sha ɗaya, kuma kowace safiyar dusa yana daɓe soron daga gabas har yamma, ko da yake babu mai kwana a ɗakin yamma sai tulunan mai. In an ce ya huta, ya kan ce rufi ɗaya ne. Zumurrud ta ce wani lokaci in ya sauko ya kan zauna da cokali a hannu, kansa a ɗan karkace kamar mai jiran rugugin dutse a sama, na ɗan lokaci, kafin ya fara ci.