Takalmin da Ya Fitar da Kawu

Duk safiyar Asabar nakan ji usur daga filin da ke bayan gidanmu a unguwar Catford, nan ƙasar waje, kuma da na ji sai Kawu ya faɗo mini a rai, ƙanen mahaifiyata.

Shi da abokansa leburorin reluwe suka fara kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garinmu, wannan da kake gani a talabijin yau. Da fartanya suka share fili a bayan tasha, suka kafa gora biyu suka ce raga ce. Kakarmu ce ta kai singiletinsu marina, in sun yi gumi sai shuni ya kama fatarsu har kwana uku. Ba mai takalmi a cikinsu. Tafin ƙafar Kawu kamar ƙirgi yake, taɓon damina da ƙunar bazara duk ɗaya ne a wurinsa. Da yamma Kaka tana cire masa ƙaya da allura, shi kuwa yana ta cika baki.

Da manyan gari suka karɓi kulob ɗin aka yi masa rajista, sai aka ce ba mai shiga gasa sai da takalmi. Aka ba Kawu nasa. Ya jiƙa shi a ruwan zafi, ya shafe shi da man shanu, ya yi sati yana tafiyar agwagwa a tsakar gida muna dariya. Har yau dariyar nan tana damuna.

Ran wasan farko ƙwallo ta same shi a bakin raga, ya shure iska. Sai ya zauna a tsakiyar fili ya kwance igiyar takalmin, alƙalin wasa ya nuna masa waje.

"Ba na jin ƙwallon a ciki," abin da ya ce wa Kaka ke nan. Bai ƙara bugawa ba.

Bara ya zo wurina ganin likita, ciwon suga ya kashe masa ƙafafu, ba ya jin su. Na buɗe masa tarihin kulob ɗin a waya, ina fatan ganin sunansa. Daga ranar rajista tarihin ya fara, da hoton samari cikin takalma. Ya daɗe yana kallo, ya kira kowa da sunansa, yana cewa Allah ya jiƙansa. Duk sun rasu, kuma ni ban taɓa rubuta komai na labarin su Kawu ba, na gaji da cewa gobe.

Ya miƙo mini wayar.

"Ɗan nan, sa mini safa. Ban san ko sanyi suke ji ba."