Hagun Fadila

Tun Fadila tana rarrafe na san bahaguwa ce. Ka miƙa mata abu ta dama, sai ta kewayo da hagu ta fizge. Mahaifiyarta ta rasu tana goye, mahaifinta kuma, yayana Kalilu, ɗan kasuwar hatsi ne, yau yana Mai'adua gobe yana Kongolam. Don haka ni Rauda, goggonta, ni na yaye ta, ni na raine ta a gindin keken ɗinkina. Na yi fama da hannun nan iya famata. Na ɗaure shi da ɗankwali lokacin cin tuwo, na ƙwanƙwashe shi da ludayi, har ta iya ci da dama, ta iya rubutu da dama. Amma daka da shara da jifan mangwaro, wannan kam sai hagu. Na haƙura na ce Wanda ya halicce ta ya fi ni sanin abin da ya yi.

A sakandare ta haɗu da badmintin, wasan nan da ake ɗaura raga a tsakiya, mutum biyu su riƙa dukan wata 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu da raket. Da farko dariya abin ya ba ni, na ce ashe korar ƙuda ma ta zama darasi. Sai ga yarinya ta nace. Na ɗinka mata dogon wando da riga har gwiwa da ƙaramin hijabi wanda ba ya tashi in ta yi tsalle. Ba a jima ba ta gagari 'yan ajinsu, ta gagari na gaba da su.

Malamin wasanninsu Malam Zailani ne, dogon mutum mai usur a wuya, mai son girma kamar me. In yana magana ba a motsi. Tun farko hagun Fadila bai kwanta masa ba, yana dai kau da kai ne saboda tana ci wa makaranta wasa.

Ranar gasar makarantun 'yan mata na ƙasar Daura na rufe shago na tafi. Fadila ta kai wasan ƙarshe, ta haɗu da wata 'yar makarantarsu mai suna Sadiya, ta lallasa ta. Aka kira ta karɓar kofi. Tana haki, tana murna, sai ta mayar da raket hannun dama, ta miƙa hannun da jikinta ya fi yarda da shi. Malam Zailani ya janye kofin. Lasifika tana bakinsa, ga manyan baƙi a zaune, ga iyaye.

"Da wane hannu za ki karɓa? Haka aka koya miki a gidanku?"

Ta yi maza ta sauya hannu, amma ina. Ya juya ya ɗora wa Sadiya kofin, ya ce tarbiyya tana gaba da wasa. Wasu har tafi suka yi. Ni kuwa kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya: gidanku. Wane ne gidan? Ni ce gidan. Ni da na hana idona barci a kan marainiyar nan, ni aka zaga a lasifika a gaban Daura.

Yaya Kalilu ya ce malami uba ne, a je a ba shi haƙuri. Na haɗiye zuciyata na kai ta har ƙofar gidansa, ta durƙusa, ni ma na rusuna. Ya ce ya yafe, amma daga yau duk yarinyar da za ta riƙe raket a filinsa da dama za ta riƙe. Fadila ta gwada. Zango guda tana fama, yaran da take ci da ido a rufe suka riƙa cin ta suna dariya. Da aka zaɓi masu zuwa Katsina aka bar ta a bakin mota. Ta dawo gida ta cusa raket a ƙarƙashin gado. Ranar na ce a raina wallahi sai mutumin nan ya miƙa mata kofi da hannunsa, ko zan tsufa ina jira.

Abin da ya fito da raket ɗin wayata ce, wadda nake duba samfurin ɗinki da ita. Wata rana na ji yarinya shiru a ɗaki, na leƙa, sai na tarar tana kallon wata 'yar Indiya siririya, sa'arta, tana buga badmintin da hagu. Sunanta ya ƙi zama a bakina, Fadila kuma ƙawata take ce mata, ni ma na bi. Muka riƙa bin labarinta kamar 'yar gidanmu. Ta cinye gasar yara ta ƙasarsu. Aka fita da ita waje, aka kore ta a wasan farko, ta yi kuka a gaban kyamara. Ta ji ciwo a gwiwa, aka daina jin ɗuriyarta, sai ga ta ta dawo tana kayar da manya. Duk ranar da ta ci wasa Fadila ba ta iya cin abinci. Na tambaye ta ko baƙin ciki take yi da ƙawar tata. Ta ce a'a, tunani take, ita malaminta bai ce ta canza hannu ba.

Na yanka tsohon gidan sauro na kalmashe bakinsa, muka ɗaura daga turken awaki zuwa bishiyar dalbejiya. Ta riƙa tsayar da bidiyon tana kwaikwayon takun ƙafar 'yar Indiyar, taku bayan taku. In babu abokin wasa sai bangon zaure, har ta fara zubar da yaɓen. Ƙwallon in gashinta ya karye ni nake gyarawa da zare da allura da gashin agwagwar maƙwabta. Yaya Kalilu ya yi faɗa ya gaji. Na ce masa shi hatsi yake aunawa, ni kuma akwai abin da nake aunawa, kowa ya ji da nasa.

Ana nan ta gama sakandare, ta fita daga ƙarƙashin usur ɗin Malam Zailani. Shi kuma aka ba shi shugabancin kwamitin wasan na ƙasar Daura. Bai daɗe a kujerar ba hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ban roƙa masa ciwon ba, Allah shaida. Na je dubiya kamar kowa, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na fito. Ya samu sauƙin kuwa, ya tashi yana jan ƙafa, baki ya koma daidai, amma hannun dama ya zauna a cikin aljihun riga bai ƙara fitowa ba. Shugabancin dai bai saki ba.

Bana aka sa gasar kowa da kowa, aka ce mace ɗaya tak za a ɗauka ta shiga ƙungiyar jiha. Gasar ba ta makaranta ba ce, don haka Malam Zailani ba shi da hurumin hana kowa. Fadila ta shiga. Tun wasan farko na ga wani abu da ya sa na gyara zama. Duk 'yan matan nan ɗalibansa ne, kuma dabara ɗaya ya ɗura musu: a riƙa aika ƙwallo kusurwar hagun abokiyar wasa, don nan ne mai dama take da rauni, sai ta murɗa hannu ta baya kafin ta kai. Shekara da shekaru ya kori hagu daga filinsa, tun daga nan ba wadda ta ƙara tsayawa gaban bahaguwa. Suna aikawa kusurwar nan, suna kai wa Fadila abinci har baki.

Wasan ƙarshe da Sadiya ne, mai kofinmu a ɗakinta. Ba ni da komai da yarinyar, ba ita ta yi mana ba, amma ranar ban ji tausayinta ko kaɗan ba. Hannunta ya saba, ko ta so ta sauya sai ƙwallon ta tafi inda aka koya mata. Fadila ta yi tsalle irin na ƙawarta ta sauke mata duka a gindin ƙafa, ta sake, ta kuma sakewa. Malam Zailani yana kan kujera yana daka wa Sadiya tsawa ta canza gefe, shi da ya hana ta sanin ɗaya gefen. Ni kuwa na manta da shekaruna, na miƙe ina cewa ƙara mata, 'yar gidanmu. Kafin la'asar an gama.

Aka jera kujeru, aka kawo kofi. Wani ɗan kwamiti ya matso zai miƙa a madadinsa, Malam Zailani ya harare shi, don ba ya yarda a ga gazawarsa. Ya miƙe da ƙyar. Ya ɗauki kofin da hannun da ya rage masa, ya miƙa.

Fadila ba ta karɓa ba. Ta tsaya tana kallon hannun. Rabin mutanen da ke wurin suna nan waccan ranar. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ni ina daga baya zuciyata tana cewa faɗa masa, tambaye shi da wane hannu yake bayarwa, tambaye shi ko haka aka koya masa a gidansu. Na shekara nawa ina tauna maganar nan, na so in ji ta a lasifika.

Ba ta faɗa ba. Sai da ta bari kowa ya gani da kyau, sannan ta mayar da raket hannun dama, a hankali, kamar yadda ta yi tana yarinya. Ta rusuna, ta miƙa hagu ta kama kofin. Bai janye ba.

"Mun zama mu biyu, Malam," ta ce.

Lasifikar tana kusa, kowa ya ji. Ya saki kofin.